Faifan Ajiya Da Ya Ƙi Buɗuwa A Kwamfuta: Darasi Domin Hakimai Da Malaman Ofis

DALILIN WANNAN DARASI

1. Ofisoshin Hakimai da yawa yanzu suna aiki da kwamfuta. A cikinta a ke rubuta sunayen dagatai da masu unguwanni, da bayanin iyakokin gonaki da burtali, da takardun sulhu, da wasiƙun da ke shiga tsakanin gunduma da fadar Sarki ko ƙaramar hukuma. Galibi a kan kwashe waɗannan a zuba su cikin faifan ajiya na waje, watau ɗan akwatin nan mai girman tafin hannu wanda a ke jona wa kwamfuta da waya.

2. Wata rana a kan jona faifan, a jira ya fito a fuskar kwamfuta, ya ƙi fitowa. In an yi rashin sa'a, ran nan ne masu rikicin gona ke zaune a zaure suna jiran a karanto musu abin da aka yanke shekaru biyar da suka wuce. Abin da ya kamata kowane Hakimi da malaminsa su sani shi ne, sau da yawa takardun suna nan lafiya a sa'ad da faifan ya ƙi buɗuwa. Abin da aka yi masa bayan nan cikin gaggawa shi ke hallaka su. An shirya wannan darasi domin a nuna yadda a ke binciken ciwon bi da bi, da inda ya kamata malami ya janye hannunsa.

YADDA FAIFAN YA KE

3. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a shekarar 1956. Na farkon yana da faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, duk da haka abin da ya ke ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yau da a ke sa wa a aljihu, mai terabayit 1, yana ɗaukar ninkin wancan sau dubu ɗari biyu. Amma asalin aikin bai sake ba.

4. A cikin akwatin akwai faranti mai santsi wanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu. Ƙaramin inji yana juya shi, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. A bisansa akwai hannu mai ɗauke da allura, kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa farantin. Iskar juyawarsa ce ke ɗaga ta, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Sabo da haka faɗuwa ɗaya daga kan tebur, musamman yana cikin juyawa, ta isa ta sa allurar ta karci farantin. Inda ta karta kuwa, rubutun wurin ya tafi.

5. Akwai wani iri kuma da a ke kira SSD, wanda ba shi da faranti ko allura, ba ya kuma yin ƙara. Ya fi jure faɗuwa, amma shi ma yana lalacewa, sau da yawa ma ba tare da wata alama ba.

6. Kafin faifai ya bayyana a kwamfuta, dole abubuwa huɗu su cika. Na ɗaya, ya sami isasshiyar wuta. Na biyu, saƙo ya wuce ta waya da ɗan allon lantarki da ke bakin akwatin. Na uku, kwamfuta ta iya karanta rajistar faifan. Na huɗu, ta ba shi suna ko harafi. Rajistar nan daidai ta ke da littafin da malami ke riƙewa a ofis, wanda ke nuna fayil kaza yana kanta kaza. In littafin ya yage, fayiloli suna nan a kantocinsu, hanyar gano su ce ta ɓace. Wanda ya riƙe wannan misali ya fahimci rabin darasin nan.

ABUBUWAN DA AKA HANA

7. Tun kafin a fara bincike, malami ya kiyaye waɗannan:

(a) In kwamfuta ta fito da saƙo cewa sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi aiki da shi, kada a yarda. Fomatin shi ne buɗe sabuwar rajista fara fat a bisan tsohuwa.

(b) Kada a kwance murfin ƙarfen da ke rufe da farantin. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba.

(c) Kada a bubbuga faifan, kada a girgiza shi, kada kuma a sa shi cikin firji kamar yadda waɗansu ke ba da shawara. Raɓar da za ta kwanta a cikinsa ɓarna ce a kan ɓarna.

(d) Kada a zuba wani sabon abu a cikinsa ko da ya buɗu na ɗan lokaci. In ya buɗu, aikin farko shi ne kwashe abin da ke ciki, a fara da wanda ya fi muhimmanci.

8. Sa'an nan a tambayi wanda ya yi aiki da shi a ƙarshe. Ya faɗi ƙasa ne? An zare shi yana cikin kwafi? Wuta ta ɗauke? An kai shi wata kwamfuta dabam? Hakimi ya yi wannan tambaya da lallashi, gama yaron ofis da ya ji tsoron faɗa ya kan ɓoye faɗuwar faifai, ita kuwa ita ce labarin da mai gyara ya fi bukata.

MATAKI NA ƊAYA: SAURARE

9. A jona faifan a wuri mai shiru, a ɗora shi bisa tebur, a aza yatsa a kansa, a kasa kunne. Abin da za a ji ɗaya ne daga cikin huɗu.

10. In an ji ya tashi yana gurnani a hankali, da ɗan motsi a ƙarƙashin yatsa, injin yana juyawa, wannan alama ce mai kyau. In ba a ji kome ba, fitilarsa ma ba ta kama ba, galibi wuta ce ba ta isa gare shi ba. In an ji ɗan kuka siriri yana maimaituwa, injin yana ƙoƙarin tashi ne ya kasa, ko don ƙarancin wuta, ko don allura ta manne a jikin faranti. In kuwa an ji ƙas, ƙas, ƙas, a jere, a zare shi nan da nan. Ƙarancin wuta ma ya kan jawo wannan ƙara, sabo da haka an yarda a gwada sau ɗaya tak da wata waya a wata kafa. In ƙarar ta dawo, ko kuwa an san faifan ya faɗi, bincike ya ƙare a nan, sai a duba sakin layi na 24. Kowane juyi da farantin zai yi da lalatacciyar allura ƙarin karta ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

MATAKI NA BIYU: WAYA DA KAFA DA WUTA

11. Mafi yawan ciwon da a ke iya warkarwa a ofis a nan ya ke, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A sake abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji, don a san wanda ya yi magani.

12. A fara da waya. Wayoyin nan su kan karye daga ciki, kusa da kai, alhali bayansu lafiya lau. A nemi wata gajeriya wadda aka san tana aiki. A lura kuma, waɗansu wayoyin cajin tarho wuta kaɗai su ke kai wa, ba su ɗaukar saƙo, sai fitilar faifai ta kama amma kwamfuta ba ta san da shi ba.

13. Sai kafar USB. Kafar USB 2.0, wadda aka fito da ita a shekarar 2000, wutar da ta ke bayarwa wat 2.5 ce. Ta USB 3.0, ta shekarar 2008, tana ba da wat 4.5, galibi kuma a kan gane ta da shuɗin harshe a ciki. Faifai ya fi jan wuta a sa'ad da ya ke tashi, shi ya sa ya kan ƙi tashi a wata kafa ya tashi a wata. In babbar kwamfuta ce ta tebur, a jona a kafofin baya, don sun fi na gaba ƙarfi. In ta hannu ce, a sa mata cajarta tukuna. Kada a bi ta ɗan akwatin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, sai in yana da tasa wutar. A duba cikin kafar kuma, gama ƙurar hunturu ta kan cushe ta.

14. Manyan faifai na tebur, masu inci 3.5, ba su tashi da wutar USB kaɗai. Suna da tasu caja, galibi mai bolt 12. A tabbata tasa ce aka jona. Cajar kwamfutar hannu ta kan shiga ramin, amma da yawa daga cikinsu bolt 19 su ke bayarwa, wannan kuwa ya isa ya ƙone allon faifan nan take.

15. Daga nan a kashe kwamfutar a sake kunna ta, a gwada. In bai yi ba, a kai faifan wata kwamfuta. In ya buɗu a can, laifin na kwamfutar ofis ne. Waɗansu ma'aikatu ma da gangan su ke toshe kafofin USB don tsaro, sai a tambayi wanda ya kawo na'urar.

MATAKI NA UKU: A TAMBAYI KWAMFUTA ABIN DA TA GANI

16. Rashin ganin faifai a jerin da aka saba dubawa bai nuna kwamfuta ba ta gan shi ba. A kwamfuta mai Windows, a ɗora linzami a kan alamar Start, a danna ɓangarensa na dama, a zaɓi Disk Management. Nan za a ga dukan faifan da ke jone. Da girma a ke gane na waje: mai gigabayit 500 zai nuna kamar 465, mai terabayit 1 zai nuna kamar 931, mai terabayit 2 kamar 1,863. Wannan ba ragi ba ne, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. Kada a taɓa faifan da ke ɗauke da harafin C, shi ne na cikin kwamfutar.

17. Ga abin da za a iya tararwa da abin da za a yi:

(a) Faifan yana nan, an rubuta Healthy, amma ba shi da harafi. Wannan shi ne mafi sauƙi. A danna dama a kansa, a zaɓi wurin sake harafi, a ba shi wanda ba kowa, misali M. Nan da nan zai bayyana, ba abin da zai taɓa takardu.

(b) An rubuta Offline. A danna dama a kan sunan faifan, a zaɓi Online.

(c) An rubuta RAW. Ma'anarsa Windows ta kasa karanta rajistar. Zare faifai yana cikin rubutu da ɗaukewar wuta su ne suka fi jawo wannan, ko da ya ke tsufan faranti ma ya kan jawo shi.

(d) An rubuta Unallocated, ko Not Initialized. Ga sabon faifai wannan daidai ne. Ga tsoho mai takardu kuwa, alama ce cewa shafin farko na rajista ya ɓaci. Windows za ta nemi izinin shirya shi kamar sabo, a ƙi.

(e) Ba a gan shi ba sam. A buɗe Device Manager, a duba ko akwai wata na'ura mai alamar ruwan ɗorawa. In akwai, a cire ta daga jerin, a zare faifan, a sake jonawa, kwamfuta za ta sake karɓarsa daga farko. In har yanzu shiru, zargi ya koma kan allon lantarkin akwatin ko faifan kansa.

18. A kwamfutar Mac, a buɗe Disk Utility, a sa ta nuna dukan na'urori. In sunan faifan ya fito dishi-dishi, a zaɓe shi a danna Mount. In an zare shi ba bisa ƙa'ida ba a baya, Mac ta kan tsaya tana bincikensa a ɓoye kafin ta nuna shi, wannan ya kan ɗauki mintoci da yawa, sabo da haka in fitilarsa tana ƙyaftawa a yi haƙuri a jira. Sababbin Mac na hannu kuma su kan nemi izini kafin su karɓi baƙuwar na'ura, a duba ko saƙon yana jiran amsa.

SAƁANIN TSARI

19. Wani lokaci faifai lafiyarsa ƙalau, rajistarsa ce aka rubuta da tsarin da kwamfutar ba ta iya karantawa ba, kamar a miƙa wa wanda boko kaɗai ya iya takardar ajami. Tsarin Windows shi ne NTFS, tun 1993. Mac tana karanta shi, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Tsarin Mac na yanzu shi ne APFS, tun 2017, Windows kuwa ba ta karanta shi, ba ta kuma karanta wanda ya gabace shi. Maganin wannan shi ne a mai da faifan ga irin kwamfutar da aka shirya shi a kanta.

20. Ofishin da ke aiki da iri biyun, in ya sayi sabon faifai, sai ya shirya shi da exFAT, wanda dukansu ke karantawa su rubuta. Tsohon tsarin FAT32 ma duka suna karanta shi, amma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4.

21. In an kulle faifai da BitLocker, zai nemi kalmar sirri ko lambar ceto mai alƙaluma 48. Wanda ya rasa duka biyun ya rasa takardun, ba mai gyaran da zai buɗe masa. Ya kamata a rubuta lambar nan a takarda, Hakimi ya ajiye ta inda ya ke ajiye hatimi.

CETON TAKARDU

22. In faifai yana juyawa lafiya ba ƙara, girmansa kuma ya fito daidai, amma ya nuna RAW ko Unallocated, akwai kyakkyawan zato. Wanda ya san aiki ya kan fara da ɗaukar kwafin faifan ɗungurungum zuwa wani mai girmansa ko fiye, da manhaja irin su ddrescue, sa'an nan ya yi sauran aiki a kan kwafin. Manhajar TestDisk ta kan gyara rajistar da ta ɓaci. PhotoRec kuwa ta kan tsinto fayiloli ba tare da rajista ba, sai dai sunayensu ba su dawowa, dole malami ya zauna ya bubbuɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun kyauta ne. Duk abin da aka ceto, a wani faifai dabam a ke zuba shi.

23. Akwai umurnin gyara na Windows mai suna chkdsk, da First Aid na Mac. Dukansu rubutu su ke yi a kan rajista, sabo da haka ba a sa su a kan faifan da a ke zargin yana mutuwa, sai bayan an ɗauki kwafi. Garin neman gira a kan rasa ido.

KAI WA MAI GYARA

24. In zargi ya tsaya kan akwatin, mai gyara ya kan iya fitar da faifan ya sa shi a wani gida, wannan aiki ne ƙarami. Amma waɗansu ƙananan faifai an haɗe bakin USB da allonsu, ba su shiga wani gida, waɗansu kuma akwatin ne ke rufe rubutun da sirri. In kuwa allura ce ko inji, sai masu ɗaki na musamman wanda a ke tace iskarsa. Kuɗin wannan aiki ya kan ninka kuɗin sabon faifai sau da yawa, kuma ba a yin alkawarin nasara. Hakimi ne zai auna darajar abin da ke ciki ya yanke shawara.

25. Kafin faifai ya bar ofis, a rubuta lambar da ke jikinsa, da ranar fita, da sunan wanda ya karɓa, ya sa hannu. A gaya masa a fili cewa takardu a ke so, gama mai gyara da yawa in aka ce ya gyara faifai, fomatin zai yi masa ya maido shi yana aiki, ba kome a ciki. A tuna kuma asirin talakawa ne a ciki, da sunayensu da rigingimunsu na gado. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, amana kuwa ta ɗora tun kafin doka.

RIGAKAFI

26. Takardun gundumomi da aka rubuta da tawada tun farkon ƙarni na 20 suna nan a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ana karanta su har yau. Faifan ajiya ba a ƙera shi don ya yi irin wannan daɗewa ba. Kowane ɗaya zai mutu, ranar ce ba a sani ba. Sabo da haka ana roƙon Hakimai su kafa waɗannan ƙa'idodi a ofisoshinsu:

(a) Kowace takarda mai muhimmanci ta kasance wuri uku: a kwamfuta, a faifan ofis, da wani faifai da a ke ajiyewa a wani gini dabam, don gobara ko ɓarawo ba su haɗa duka ba.

(b) A tsai da rana guda a mako don yin kwafi, a rubuta a littafi. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa.

(c) Kafin a zare faifai, a sallame shi daga kwamfuta, a jira fitila ta daina ƙyaftawa.

(d) Kada a motsa shi yana aiki, kada a bar shi cikin mota ko bakin taga da bazara, sa'ad da zafi ya kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. A ajiye shi cikin jaka don ƙura.

(e) A zare shi kafin a tada janareta ko a sauya wuta.

(f) Faifan da ya taɓa ƙin buɗuwa ba don waya ko harafi ba, ko da ya warke, kada a sake dogara da shi.

(g) Takardun iyaka da na sulhu a buga su a takarda, a sa hannu da hatimi, a ajiye a fayil kamar yadda aka saba.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne dole su cika kafin faifai ya bayyana a kwamfuta?

2. Me malami zai yi in kwamfuta ta nemi a yi wa faifan ofis fomatin?

3. Wace ƙara ce in an ji ta a ke zare faifai nan da nan, kuma don me?

4. Mene ne bambancin faifan da ba shi da harafi da wanda ya nuna RAW?

5. Me za a rubuta, me kuma za a gaya wa mai gyara, kafin faifai ya bar ofis?

Ana so kowane Hakimi ya sa malaminsa ya amsa waɗannan a gabansa, sa'an nan a ajiye wannan takarda kusa da kwamfutar ofis.